Alli da Bagaruwa

Shekara goma sha bakwai ina riƙe da alli,
in zana kwalba a allo, in zana wuta ƙarƙashinta,
wutar da ba ta taɓa ɗumama kowa ba.
Ɗakin gwajinmu, kwaɗo ne rataye a ƙofarsa,
makullin ya bi wani shugaba da aka yi wa canji,
gizo-gizo kaɗai ke bincike a ciki.
Yara su haddace, in ba su maki,
mu rabu, kowa na cewa ya iya.

Sai hutu ya zo da takarda: a je bita.
Na goge takalmi, na saɓa jaka,
ina lissafin kuɗin zama, da shinkafar rana,
da kujerar da ke kusa da fanka.
Malama Luba ta ƙirga mu, ashirin da huɗu,
ta ce, “Ku bar jakunkunan. Ajin yana majema.”

Wari ya tarbe mu tun kafin sallama.
Malam Bawa na lissafi ya toshe hanci da hula.
Wani tsoho, hannu a rine har gwiwa,
ya ɗago daga kwatarniya ya ce,
“Ku na mallamai? Ku matso, wari bai kisa.”

Arzika sunansa. Bai taɓa zama benci ba.
Ya tsoma fatar jar akuya cikin ruwan toka,
ya ce da bazara gashi kan saki da wuri,
da sanyi sai an ƙara masa kwana.
Na ce, me ya sa zafi ke gaggauta shi?
Ya ce, “Kai aka biya ka sani. Ni dai na gani.”

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.
Babi na shida ne.
Sau goma sha bakwai na koyar da shi,
ban taɓa haɗa ido da shi ba sai ranar.

Ya ɗauko fatar da ta sha bagaruwa,
ya ɗiga mata ruwan da tsohon ƙarfe ya kwana ciki.
Baƙi ya tashi, ya bazu, kamar hadarin gabas.
Na faɗa masa sunan da littafi ya ba abin.
Ya juya shi a baki sau biyu ya tofar,
“Tsawo garai. Mu kuloko muka sani.”
Sannan ya miƙo tafinsa, duk faso,
“To mai littafi, wanga hwa?”
Kwana uku muna kai da komo kan tafin Arzika,
har muka tsaya kan safar hannu da ɗauraye toka da wuri.
Ya ce zai gwada. Bai ce ya yarda ba.

A hanyar gida, kusa da tsohuwar kasuwa,
Tumba mai soborodo ta ƙara mini darasi kyauta:
ɗan kanwa, ja ya dushe ya yi duhu,
matsi ɗaya na lemun tsami, ya dawo da jininsa.
Takardar gwajin da na shekara ina rubuta wa ofis,
ashe tana cikin bokitinta, ana sha da ƙanƙara.

Yanzu ranar Laraba ajina kamar rumfa yake.
Tsamiya, toka, omo, ruwan rijiya,
kofuna jere bakin taga.
Jiya Ige, wadda ba a jin muryarta sai a kiran suna,
ta ɗaga kofi ta ce, “Malam, nawa kore ya yi. Don me?”

Alli na hannuna. Na ajiye shi.
Na jawo benci na zauna kusa da ita.
Kwaɗon na nan a ƙofar,
na daina tambayar makulli.